Daga aji shida ne yaran ƙauye suke zubewa

Assalamu alaikum Edita, dan Allah ka ɗan ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi magana kan yaranmu na karkara da ke barin makaranta.

Kullum ana ta maganar a saka yara a makaranta, UNICEF ta daɗe tana cewa yara miliyan 10.5 ne ba sa zuwa a Najeriya, to amma mu da muke zaune a ƙauye mun san inda gizo ke saƙar. Saka yaro aji ɗaya ba wuya, firamare na nan bakin gari. Ranar da ya gama aji shida ake fara rigima, saboda ƙaramar sakandare tana can hedikwatar gunduma ko garin da ke bakin titi, tafiya mai nisa a ƙasa, da damina kuma rafi ya cika ya raba hanya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin acaba ya fi ƙarfin manomi, mutumin da ke auna hatsi da kwano ya kai kasuwa kafin a sayi magi da gishiri ina zai samu na mashin kullum zuwa da dawowa, ga yunifom ga takalmi ga kuɗin PTA ga na jarabawa da ake cewa babu amma ana karɓa.

Na mata ya fi ban tausayi wallahi. Bayan sace ɗalibai da 'yan bindiga suka yi a makarantun Jangebe (Jihar Zamfara) a 2021 da Kuriga (Jihar Kaduna) a 2024, wane uba ne zai saki 'yarsa mai shekara 12 ta ratsa daji ita kaɗai da sassafe? Sai a ɗora mata farantin talla, shekara biyu a yi mata aure, sannan a hau rediyo ana cewa iyaye ba sa son boko. Ni na ga yarinyar da take ta ɗaya a ajinsu tana kuka ranar da sakamako ya fito don ta san karatu ya ƙare ke nan.

Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 shekara tara ta ce, kyauta kuma dole, ba shida ba. To a cika mana ukun nan. Ba sai an gina katafariyar makaranta ba, a ƙara aji uku a jikin firamaren da ke akwai, a turo malamai a ba su ɗakin kwana da ɗan alawus don su zauna. Inda hakan bai yiwu ba a raba kekuna. Kuɗin ma akwai, suna jibge a UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, saboda wasu jihohi sun ƙi biyan nasu kason su karɓo.

Ina roƙon gwamnoninmu da shugabannin SUBEB, wato hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi, su sa hedimastoci su kawo sunan duk yaron da ya gama aji shida bana, a bi gida gida tare da masu unguwanni da limamai a ga wa ya shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare (JSS 1) wa ya tsaya, kafin zangon farko ya yi nisa.

Na gode Edita, Allah ya ƙara basira.

Naka mai karatu, daga karkarar Jihar Katsina