Rahoton ayyukan ƙungiya na shekarar da ta ƙare

Assalamu alaikum ƴan uwa.

Tarukan wata-wata sun gudana, in ban da na watan azumi da muka ɗage kamar yadda aka saba.

Abin da ya wanke mana zuciya bana shi ne bitar da muka yi a Yantala kan abin da ke cikin fayil ɗin Excel. Zaure ya cika, har ɗaliban da suka ƙetaro gada daga Harobanda suka zauna kan tabarma da kwamfutoci a cinya. Malamin da ya jagoranta ya sa kowa ya sauya ƙarshen sunan fayil daga .xlsx zuwa .zip, sannan ya buɗe. Mutanen da suka yi shekaru suna cika tebur sai ranar suka ga cewa fayil guda ƙunshi ne na ƙananan fayilolin XML, wato rubutu mai alamomi da kwamfuta ke karantawa. Jerin shafuka yana cikin workbook.xml, kowane shafi da nasa fayil, kalmomi kuwa an tara su wuri guda a sharedStrings.xml, akwatin da kake gani a shafi lamba kawai ya riƙe mai nuna inda kalmar take. Office Open XML ake ce wa tsarin, hukumar tsara ƙa'idojin fasaha ta Ecma ta amince da shi a 2006, takwararta ta duniya ISO ta biyo baya a 2008, kuma tun Excel 2007 da shi ake ajiya.

Wata ƴar uwarmu mai aikin lissafin kuɗi ta tambayi dalilin da kwanan wata ke fito mata da lamba irin 45000 in ta karanta shi da Python, harshen rubuta manhaja. Aka nuna mata cewa Excel ranaku yake ƙirgawa tun daga farkon 1900, styles.xml ne ke faɗin a nuna lambar a matsayin kwanan wata. Ta ce wannan kaɗai ya biya mata kuɗin taksi. Bayan azahar kowane rukuni ya zauna da openpyxl, kayan aikin Python na karanta fayil ɗin Excel, ya gina nasa tsari a kod: littafi na ɗauke da shafuka, shafi na ɗauke da tebur da hotuna, tebur na ɗauke da layuka. Sai magariba ta raba mu. Allah ya saka wa matan da suka kawo abinci daga aljihunsu.

Manhajar buga katin mamba da muka yi wa ƙungiyoyin mata masu adashi alkawari ba ta kammala ba, kuma na ji ƙorafin da ake yi a bayan fage. Ɓangaren tebur ya gama, sunaye masu ɓ, ɗ, ƙ da ƴ suna fitowa daidai. Hoto ne ya tsayar da mu. Hoton da aka ɗora kan shafi ba ya cikin akwati: shi yana xl/media, wurin zamansa yana drawing1.xml, wani fayil na uku ne ke haɗa su. Dole kod ya gano da kansa hoton wane layi ne. In mai shigar da bayanai ta bar hoto ya hau layi biyu, katin wata zai fito da fuskar wata. Wannan ba aikin dare ɗaya ba ne, kuma ƴan tsirarun da ke yin sa suna da iyali da wurin aiki.

Ga kuma kuɗi. Akasarinku ba ku biya na wata-wata ba. A Afrilu da Mayu, da zafi ya yi tsanani ana yawan ɗauke wuta, asusu bai da ko na man inji. Kuɗin intanet ƴan kwamiti ne suka riƙa saye. Na gaji da kiran wayar da ba a ɗauka, wallahi. Akwai waɗanda ba a jin muryarsu a WhatsApp sai an sa sanarwar neman aiki, kuma su ne kan gaba wajen tambayar ina manhaja.

A babban taro mai zuwa littafin kuɗi zai kasance a buɗe, kowa ya duba layinsa. Wanda ake bi ya zo da abin da ya sawwaƙa, wanda ba shi da hali ya same ni mu yi magana. Muna kuma neman mutum biyu da za su karɓi ɓangaren hoto har ƙarshe, su ba da sunansu kafin ranar.

Ma'ajin ƙungiya, Yamai