Auta, Ka Taho Gida Ko da Hannu Rabbana Ne

Zuwa ga ɗana Auta,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan kana lafiya kamar yadda muke nan lafiya. An gama yankan dawa, wake ya shiga buhu, sanyi kuwa bana ya sauko da ƙarfinsa, har innarka ba ta rabuwa da kaskon wuta. Ƙafar tata da sauƙi.

Yayarka ta biyo ta gida ranar Lahadi bayan an tashi sujada. Ta ce ka gaya mata ba za ka zo Kirsimeti ba, wai tunda aikin ginin ya tsaya ba ka da abin da za ka riƙo, kuma ba za ka iya haɗa ido da sa'o'inka ba. Ta ce ƙarfe 2, ƙarfe 3 na dare tana ganin alamar kana kan waya. Sai ta yi shiru, da na matsa mata ta ce an gan ka sau biyu a wurin masu shan giya a Mararaba. Ban bi diddigi ba, ban kuma gaya wa innarka ba. Amma tun ranar ban yi barcin kirki ba.

Rashin kuɗi bai dame ni ba. Wanda ya yi noma ya san shekarar fari. Tunanin da kake kwana da shi ne ya dame ni, domin na san inda yake kai mutum in aka bar shi ya yi ta tuƙa shi shi kaɗai a ɗaki. Kai ma ka san Baffanka. Ba sai na ƙara ba.

Ka buɗe Filibiyawa sura 4. Bulus yana ɗaure ya rubuta ta, a cikinta kuma ya ce a yi farin ciki cikin Ubangiji kullum, har ya maimaita. Mutane suna son aya 4, suna haddace ta, su tsallake aya 8 inda aikin yake. A nan ya jera abin da ya kamata zuciya ta zauna a kai: abin da yake gaskiya, abin girmamawa, abin da yake daidai, mai tsarki, abin ƙauna, mai kyakkyawan ambato, duk abin kirki da abin da ya isa yabo. Ka ga yadda innarka take sheƙa bayan sussuka. Ba ta tsinar ƙaiƙayi da hannu ɗaya bayan ɗaya. Takan juya gefe ga iska, ta ɗaga ƙwarya, ta zubo a hankali, tsaba ta sauka ƙasa, ƙaiƙayi ya tafi. In babu iska, jira take yi. In ta zubo da gaggawa, duk tare suke sauka, sai ta sake. Aya 8 ita ce iskar. Aikinka ka ɗaga tunanin ka zubo shi a gabanta, ɗaya ɗaya.

Ga yadda ake yi. Ka sayi ƙaramin littafin rubutu, kada ka yi a waya, domin waya ce ƙofar da damuwar take shigowa. Da asuba, kafin ka taɓa wayar, ka wanke fuska, ka zauna minti 15. Minti 5 na farko karatu ne. Bisharar Luka sura 24 ce, wanda ya fara ranar 1 ga Disamba yana karanta sura ɗaya kullum zai gama daren jajibere. In takardar nan ta same ka a makare, kada ka ce za ka rama duka a zama ɗaya, ka tsaya a sura 1 da 2 ka yi ta maimaita su da murya, yadda kunnenka zai ji. Bayan haka ka rubuta tunanin da ya hana ka barci jiya, da kalmominsa yadda ya zo maka, kada ka yi masa kwalliya. In cewa ya yi "na zama abin dariya a garinmu", haka za ka rubuta. Sai ka tambaye shi tambaya ta farko a jerin Bulus: gaskiya ne? Wa ya yi dariyar, yaushe, a gaban wa? Yawancinsu a nan suke faɗuwa, ba sa kaiwa tambaya ta biyu. Abin da zai rage shi ne tsabar: aiki ya tsaya wata 2, ana bin ka kuɗin haya, ba ka da na mota. Waɗannan gaskiya ne, kuma ana iya ƙirga su.

Tsabar nan ka raba ta biyu da layi a tsakiyar shafi. Gefe ɗaya abin da yake hannunka yau: ka je wurin mai gidan haya ka yi masa magana ido da ido ka nemi kwanaki, ka zagaya wuraren gini 3 kafin rana ta yi zafi. Ɗaya gefen abin da ba ya hannunka: ranar da za a ci gaba da aiki, tsadar kaya, bakin mutane. Na farkon ka tashi ka yi. Na biyun ka karanta wa Allah shi da baki, sau ɗaya, ka rufe littafin. A nan ne da yawa suke kuskure. Sukan durƙusa su rufe ido su ci gaba da tuƙa damuwar nan dai, su sa mata suna addu'a, su tashi sun fi da nauyi. Shi ya sa Filibiyawa 4:6 ta ce a kai roƙo tare da godiya. Godiyar ma tana da ƙa'ida. "Na gode da komai" ba ta kama zuciya, domin ba ta nuna komai ba. Ka rubuta abu 3 da sunansu, na jiya, kada ka maimaita na shekaranjiya: wanda ya raba koko da kai, ciwon haƙorin da ya lafa, muryar innarka a waya. Kwana 4 na farko za ka ji kamar wasan yara ne. Ka ci gaba. Ido yakan koyi neman abin da ya san za a tambaye shi gobe.

Kada kuma ka ce za ka hana kanka tunani da ƙarfi. Ba ya hanuwa, ƙara dawowa yake. Ka san wuta-wuta a gonar gero: a ƙasar da ta gaji take yin ƙarfi, irinta kuma yana shekaru a cikin ƙasa. Ana cire ta kafin ta yi fure, amma maganin gaske taki ne. In tunanin ya zo da dare, ka ce masa yana da wuri a littafi gobe da asuba, ka ɗauko aya ɗaya da ka haddace ka yi ta bin ta a hankali. In ka kai kamar rabin awa ido biyu, tashi ka zauna, kada ka kunna waya. Kada ka kwanta da yunwa, ko gari ne ka jiƙa. Wayar kuma ka kashe ta ƙarfe 9. Hotunan anko da motoci da kake kallo a Facebook, ba wanda yake ɗora hoton bashin da ya ci ya yi su.

Yanzu maganar giya. Auta, ka ji tsoron Allah. A gidan nan ka tashi, ka san abin da kakanka ya fasa ranar da aka yi masa baftisma, ka san abin da aka ce da shi a garin nan saboda haka. Kai ne za ka je ka tsince shi a bakin titi? Da wane ido za ka dubi kabarinsa? In ce maka aka yi tana sa barci, rabin gaskiya aka gaya maka. Takan kwantar da mutum da wuri, ta tashe shi tsakar dare da ƙishi da faɗuwar gaba, damuwar da ya gudu tana zaune a bakin gado ta ƙara ƙiba, kuɗin abincin gobe kuma ya tafi. Gobe sai ya ƙara kwalba ɗaya don ya kai asuba. Haka Baffanka ya fara, da kwalba ɗaya, a watan nan, a kan bashin da bai kai kuɗin akuya ba. Ni na wanke shi. Ba zan wanke ɗana ba, ka ji ni da kyau.

Na san kana riƙe da ni a kan maganar gonar fadama, kana ganin da ban hana a sayar da ita ba da yanzu kana da jari. Wataƙila na yi tsauri a yadda na faɗa, wannan na yarda. Amma hanawar ban yi nadamarta ba, domin daga gonar nan za a ci tuwon da nake kiranka ka zo ka ci. Kada kuma ka ci bashin nan na waya don ka zo mana da kaya. Karin Magana 22:7 ta ce mai cin bashi bawan mai ba da bashi ne, su kuwa masu ba da bashin waya in ka makara, mutanen da ke cikin wayarka suke bi da saƙo.

Ka lura da abu ɗaya in ka kai Luka 2:24. Da Yusufu da Maryamu suka kai Yesu Haikali, kurciyoyi biyu ko 'yan tattabarai biyu aka ambata. Ka duba Littafin Firistoci 12:8, wannan hadayar wadda ba ta da halin ɗan rago ce. Iyayen Mai Ceto ba su da kuɗin rago, kuma ba su fasa zuwa ba. A Luka 2:19 an ce Maryamu ta riƙe abubuwan nan duka tana bimbini a kansu a zuciyarta. Tana da abin da za ta tuƙa in ta so: haihuwa a baƙon wuri, jariri a komin dabbobi, bakin mutanen Nazarat. Maganar makiyaya ta zaɓa ta riƙe.

In ka yi mako 2 kana wannan amma barci bai dawo ba, abinci ba ya shiga, ko ka fara jin gara mutuwa, kada ka ɓoye. Ka gaya wa faston wurinku a ranar, ka je asibiti ka ga likita, ka kira ni ko tsakar dare ne. Wannan ba rashin bangaskiya ba ne. Annabi Iliya ma ya roƙi mutuwa a jeji, a 1 Sarakuna 19, mala'ika kuwa bai yi masa faɗa ba, abinci da ruwa ya ba shi har sau biyu, ya bar shi ya yi barci.

Mun shiga watanda da gidaje 6, kasonmu ya isa. Akwai zakaran da innarka ta hana a taɓa tun kaka, ta ce naka ne. Shinkafa tiya 4 tana ajiye, har da ta maƙwabtanmu Musulmi da ake kai wa kowace shekara, kai ne kuma kake kai ta gidan Malam, yana tambayarka. 'Yan Sabon Rai sun fara koyon waƙa da dare, ba su da mai riƙe musu ganga.

Na sayar da buhun wake ɗaya, na ba yayarka kuɗin mota ta tura maka. Na mota ne, kada ka saya mana komai da shi. Ka shigo ta safe ranar 22, ka sauka Kwanar Ɗangora, ɗan Goggonka zai jira ka da babur. Ka riƙo rigar sanyi da littafin nan.

Innarka tana gaishe ka.

Ni ne mahaifinka.