Wasiƙa daga Gambiya

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna da sauran mutanen gida. Ni ma lafiyata ƙalau, sai kewarku.

Baba, ranar 15 ga Janairu mu ma mun yi faretin tunawa da 'yan mazan jiya a nan sansaninmu na dakarun ECOWAS, kamar yadda ake yi a Abuja. Ka fi ni sanin ranar, tunda a idonka aka gama yaƙin basasa a 1970. Aka busa begila, aka yi shiru na minti ɗaya, kwamanda ya ajiye furanni, liman da fasto suka yi addu'a. An tuna da waɗanda suka kwanta dama a Laberiya da Saliyo zamanin ECOMOG, har zuwa na Sambisa da bakin Tafkin Chadi.

Daga nan aka ce kowa ya ambaci nasa. Wallahi Baba, a nan maza suka karaya. Da layi ya zo kaina na kira sunan abokin nan nawa da muka shiga soja tare, wanda yake durƙusawa har ƙasa in zai gaishe ka. Da ƙyar muryata ta fita.

Da yamma wasunmu muka je maƙabartar Fajara, kusa da Banjul, inda aka binne sojojin Yaƙin Duniya na Biyu. Mutanen Gambiya sun yi yaƙin Bama kafaɗa da kafaɗa da namu a Runduna ta 81, a kwarin Kaladan, a 1944. Sai Kaka ya faɗo mini a rai. Shi Allah ya dawo da shi, amma abokansa da yake yawan ambata suna can kwance, kuma ban san wani nasu da ya taɓa tsayawa a kan kabarinsu ba. Na yi musu addu'a su ma.

Alfarma nake nema, Baba. Na turo saƙo ta hannun Yaya, rabinsa na iyalin marigayi abokin nan nawa ne. Don Allah kar a aiki yaro, ku je da kanku kai da Inna. Ku zauna da matarsa, ku tambayi karatun yaran, musamman babbar. Tun sadakar arba'in ƙafa ta ɗauke daga gidan, abin yana ci mini rai.

A gaida Inna da kyau, a ce ta ci gaba da sa mu a addu'a.

Wassalam,
Ɗanka