Wasiƙa daga Bakin Ganuwar Rumawa

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da Inna da yara duka. Ina fata damina ta sauka da albarka. Ni ma lafiyata ƙalau, alhamdu lillahi.

Na bar Newcastle na ɗan lokaci, ina wani ƙauye a arewacin Ingila inda ake koya mana aikin tonon kayan tarihi a fili, ba a aji ba. Wurin sunansa Vindolanda, tsohon barikin sojan Rumawa ne da aka fara ginawa wajen shekara ta 85 Miladiyya, tun kafin sarkinsu Hadrian ya sa a fara doguwar ganuwarsa a shekara ta 122. Bariki tara aka gina a nan, wani bisa wani. In za su sake gini, sai su rushe na da, su danne shi da yumɓu, su ɗora sabo. Wannan dannewar ce ta hana iska shiga, shi ya sa fata da katako da ulu ba su ruɓe ba har yau. Takalman fata kaɗai an tono dubbai, har da na jarirai.

Inna ta tambaya ko ina cin abinci. Ku gaya mata na taho da garin kunu da yaji, nama kuwa sai wanda na sayo a shagon Musulmi kafin in taso. Ruwa ba ya sallama a nan, kullum rigar ruwa da takalmin roba suna jikina, ga shi wai bazararsu ke nan. Abin da ya fi ba ni aiki shi ne lokutan salla: magariba sai wajen ƙarfe goma saura, kafin biyar na safe kuma rana ta fito. Azahar a gefen fili nake yin ta lokacin hutun cin abinci, babu mai tanka mini.

Da hantsi ake raba mu rukuni-rukuni, kowa da shebur da bokiti da baro da ɗan cokalin magini. Da cokalin nan ake yawancin aikin. Mutum ya durƙusa yana kankare ƙasa kaɗan-kaɗan, idonsa na kan launinta. Da ta sauya daga baƙa zuwa ja, ko tsakuwa ta fara bayyana, sai a dakata, domin an shiga wani zamani ke nan. A ba sabon hawan lamba, a auna, a zana, a ɗauki hoto, sannan a ci gaba. A ƙasan can inda danshi yake, wari ne mai ƙarfi, don ciyawa da kashin dabbobin da suka shimfiɗa a daɓe suna nan yadda aka bar su. Wannan ƙasar ba a sa mata cokali ma, da hannu ake ɓarɓasa ta a cikin baro.

Dalili shi ne wasiƙu. A 1973 wani mai tonon kayan tarihi a nan, Robin Birley, ya ci karo da wasu siraran ɓawon katako manne da juna, da ya raba su sai ga rubutun tawada. Da iska ta buge su rubutun ya dushe, sai da aka yi amfani da wata kyamara ta musamman aka iya karantawa. A cikin irin waɗannan wasiƙu akwai wadda aka sanar da wani soja an aiko masa safa da takalma da ɗan kamfai. Akwai ta wata mata, Claudia Severa, tana gayyatar ƙawarta bikin ranar haihuwarta, ta ƙara gaisuwa a ƙarshe da hannunta. Sojojin farko na nan ma baƙi ne, daga yankin da yau ake kira Beljiyam da Holan aka kwaso su. Baba, da na karanta fassarar wasiƙar safar nan sai da na tuna ƙullin da Inna ta cusa mini a jaka a tasha.

Na ji Kawu yana cewa zinariya muke nema. Ku ba shi haƙuri, ko tsingaro ɗaya ba a yarda mutum ya sa a aljihu ba, kuma ni na ga gaskiyar dokar. Darajar abu tana ga wurin da aka same shi da abin da ke kusa da shi. Kwabo ɗaya a kan daɓe yana iya nuna shekarun ɗakin gaba ɗaya. In an ɗauke shi ba a rubuta ba, ya zama ƙarfe kawai. Abin da ya sami kayan Nok ke nan a kudancin Kaduna. Mutum-mutumin yumɓu da suka haura shekara 2,000 aka yi ta haƙewa a ɓoye ana sayarwa ƙasashen waje, ramukan kuma aka bar su a hargitse, labarin da ke cikinsu ya tafi.

Shi ya sa nake roƙonku wata alfarma game da kufan da ke bayan gonarmu, inda ake ganin tsingaro da kashin maƙera in ruwa ya wanke ƙasa. Don Allah ku yi wa Mai Gari magana kada a bari masu ɗibar ƙasar bulo su shiga can. In yara sun tsinci wani abu, a bar shi inda yake, Auta ya ɗauki hoto da waya ya turo mini. In Allah ya dawo da ni, ina so in kai maganar ga malamaina na Zariya mu auna wurin yadda ya kamata, da izininku da na dattawa. Su ma dattawan ina so in zauna da su, su faɗa mini su wane ne suka zauna can da dalilin tashinsu.

Kuɗin taki zan turo ta hannun Yaya da zarar an biya mu alawus. A gaishe mini da Inna da Gwaggo da Kawu da Liman. Ina neman addu'arku.

Wassalam,
Ɗanku