Kukan Fankar Tsohuwar Kwamfuta: A Fara Neman Zafin Kafin a Taɓa Fankar

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a jaridarka domin mu ja hankalin masu amfani da tsofaffin kwamfutocin tebur, irin su Dell OptiPlex da HP Compaq na hannu da suka cika ofisoshi da makarantu da shagunan buga takardu. Da zarar hunturu ya wuce, bazara ta kankama, ƙorafin da ya fi yawa shi ne kwamfuta na kuka kamar injin markaɗe. Abin da ya dame mu shi ne maganin da wasu ke yi: a zare wayar fanka, ko a rage mata wuta da ƙarfi. Fankar firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ba ta gudu don ganin dama. Madabod, wato babban allon da kayan kwamfuta ke haɗe a kansa, shi ne ke auna zafi yana ƙara mata gudu, don haka wanda ya rufe mata baki bai taɓa ciwon ba.

Da farko a tabbatar wace fanka ce ke kukan, domin akwai ta firosesa, da ta jikin akwatin, da ta cikin fawa fak, wato akwatin da ke raba wa kwamfuta wuta, wani lokaci har da ta katin da ke fitar da hoto zuwa allo. A buɗe murfin gefe, kwamfuta na kunne, a ɗora yatsa a tsakiyar fankar, ba kan fukafukanta ba, na daƙiƙa ɗaya ko biyu. Wadda kuka ya tsaya da tsayawarta, ita ce. Ta cikin fawa fak kuwa kada a buɗe ta, domin kafasitocinta na riƙe wuta ko bayan an zare soket. A kuma saurari irin kukan. Hucin iska mai ƙarfi alamar zafi ce. Gurnani ko gurza, musamman da sanyin safiya, boris ne ya bushe. Ƙarar "kas-kas-kas" galibi waya ce ke taɓa fukafuki, ɗaure ta gefe kawai ya isa.

Idan hucin iska ne, a sa manhajar Core Temp ko HWMonitor a ga zafin da ido. A ɗaki marar na'urar sanyaya iska, digiri 40 zuwa 50 ba a aikin komai ba laifi ba ne. Amma firosesar da ke zaune a 65 ba ta aiki, ko take haura 80 da an buɗe bidiyo, tana da matsala. A danna Ctrl da Shift da Esc tare, jerin manhajojin da ke aiki zai fito, a duba ko wata manhaja ce ta riƙe firosesa a kashi 100. Manhajar kashe bairos guda biyu a kwamfuta ɗaya na yin haka, kuma wannan ba gyaran sukudireba ba ne.

Sai ƙura, wadda a ƙasarmu ita ce kan gaba. Ba wadda ake gani a kan fanka ce ke ɓarna ba. Tsakanin fanka da hitsink, wato ƙarfen alminiyum mai haƙora da ke zaune kan firosesa, ƙura na taruwa ta zama kamar bargo, iska ta kasa ratsawa. A kashe kwamfuta, a zare soket, a danna maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don ragowar wuta ta fita, a taɓa ƙarfen akwatin kafin a taɓa madabod. A fita da ita waje, a sassauta ƙurar da busasshen buroshin fenti, sannan a hura da bulowa. A riƙe fankar da yatsa lokacin hurawa, domin bulowa na juya ta fiye da gudun da aka ƙera ta da shi, boris ya lalace. Kada a hura da baki saboda yawu. Inda ƙura ta yi yawa, a yi wannan shara kafin hunturu da bayansa.

Idan an share zafi bai sauka ba, man da ke tsakanin firosesa da hitsink ne ya bushe, wanda masu gyara ke kira tamal fes. Aikinsa cike ƙananan ramukan da ido ba ya gani a fuskar ƙarafan biyu. Bayan shekaru yakan bushe ya farfashe kamar tsohon yaɓe. A bar kwamfuta ta yi aiki minti biyar kafin a kashe, don man ya yi laushi. Wannan ya fi muhimmanci a firosesar AMD ta soket AM2 da AM3 (soket a nan shi ne gurbin da firosesa ke zama): idan aka fizge hitsink a sanyi, yakan taho da firosesar, ƙafafunta su lanƙwashe. A murɗa shi hagu da dama a hankali har ya saki. A goge tsohon man da sifirit mai ƙarfi, irin isofurofil na kashi 90 ko sama, da ƙyalle marar gashi, har ƙarfe ya yi sheƙi. Sabon man, misali Arctic MX-4, a ɗiga kamar ƙwayar wake ƙarama a tsakiya, nauyin hitsink zai baje shi. Yawansa ba ya ƙara sanyi, malala kawai yake yi. Man goge baki da giris ɗin mota da wasu ke shafawa ba su da gurbi a nan.

Wurin mayarwa ne aka fi yin kuskure. Hitsink ɗin Intel na soket 775 da 1155 yana da ƙafafun roba huɗu. Ana juya kowace ƙafa ta bin kibiya don cirewa, amma kafin a mayar sai an juya ta baya, sannan a danna biyu-biyu masu kallon juna ta kusurwa har a ji "ƙas". Ƙafa ɗaya da ba ta shiga ba ta isa ta sa hitsink ya karkace, fanka ta yi ta ihu duk da sabon mai. Dell da HP galibi noti huɗu ne masu sifirin, su ma a ɗaure su ta kusurwa, kaɗan-kaɗan, ba a ƙure ɗaya kafin a taɓa sauran ba.

Sai bayan wannan ne za a shiga BIOS, wato shafin saitin madabod da ake shiga da zarar an kunna kwamfuta, da F2 a Dell, F10 a HP, Del a yawancin sauran. A nemi Smart Fan, ko Q-Fan a madabod ɗin Asus, a kunna. A Dell OptiPlex da yawa akwai Fan Control Override. Idan an yi masa alama, fanka za ta yi ta gudu a ƙure, a cire alamar. A HP kuma Fan Idle Mode ne ke ƙayyade mafi ƙarancin gudu. Idan saitin na ɓacewa tare da agogo duk lokacin da aka ɗauke wuta, batirin CR2032 na kan madabod ya mutu. A kuma ƙirga wayoyin fankar. Mai huɗu, ta huɗun ce ke kai umarnin gudu. Mai uku da aka soka a gurbin huɗu za ta yi aiki, amma a madabod da yawa ba za ta taɓa rage gudu ba. A tabbatar kuma an soka ta a gurbin da aka rubuta CPU_FAN.

Fanka mai gurnani ana iya ɗaga takardar bayanta, a cire ɗan murfin roba idan akwai, a ɗiga ɗigo ɗaya na man keken ɗinki. WD-40 na wanke ragowar man ne, man gyaɗa kuma yana daskarewa ya kama ƙura. A ganinmu wannan jinkiri ne na 'yan watanni, sabuwar fanka ce magani. Inda akwai wuri, babba ta fi: mai faɗin milimita 120 tana tura iska mai yawa a gudu kaɗan, ƙaramar mai 80 kuwa sai ta yi gudu sosai kafin ta kamo ta. Sai dai a lura, Dell da yawa na da gurbi mai ƙafa biyar na kansu, kuma HP na tsayawa da saƙon 511 idan bai ji fanka ba. A tafi kasuwa da tsohuwar a hannu, a dace da lambarta da filoginta.

Dabarar haɗa fanka tsakanin wayar rawaya mai bolt 12 da ja mai bolt 5 na fawa fak don ta samu bolt 7 tana rage kuka, amma ba mu ba da shawararta ga fankar firosesa a zafin Afrilu, domin madabod ba zai iya ƙara mata gudu ba lokacin da ake bukata. Masu Pentium 4 irin Prescott na 2004 kuwa su yi haƙuri, wasunsu na fitar da zafin da ya kai wat 115, alhali Core 2 Duo E8400 wat 65 ne. Wasu Prescott ɗin soket ɗinsu ɗaya da E8400, wato 775, amma ba kowane madabod ke karɓar E8400 ba, sai an duba. Kwamfutar da ke ƙasa kan kafet ko cikin durowar tebur kuma a ɗago ta, a bar mata aƙalla taƙi ɗaya tsakaninta da bango.

Mun gode, Allah ya ƙara wa jaridarka albarka.

Daga wasu masu gyaran kwamfuta, Kano.