Zuwa ga shugaban sashenmu na ilimin taurari, kan kunshin da ya ƙi girkuwa

Assalamu alaikum Farfesa, Allah ya ƙara girma.

Maganar kunshin manhajojin nan ne da ake ba duk sabon ɗalibin bincike a filas, a ce ya je ya girka a laftof ɗinsa. Ranka ya daɗe kunshin nan ya tsufa, yaran da ya ƙi girkuwa a laftof ɗinsu ba ragwaye ba ne.

IRAF ɗin da ke ciki, wato manhajar sarrafa hotuna da bayanan taurari, tun shekarun 1980 aka faro shi, cibiyar da ta yi shi a Arizona ta Amurka ta daina kula da shi tun 2013, yanzu 'yan sa-kai ne ke riƙe da shi. Namu na filas kuma na tsohon tsarin kwamfuta na 32-bit ne, kwamfutocin yanzu ko 64-bit ne. Sai yaro ya buga cl, umarnin da ke tada IRAF, kwamfuta ta ce masa wai babu fayil ɗin, shi kuma ga fayil nan yana kallonsa ƙuru-ƙuru a cikin folda, ya goge ya sake kwafa, ya sake, har ya fara zargin filas ɗin, alhali laburaren 32-bit, wato fayilolin da manhajar ke dogaro da su, ne kawai babu a Ubuntu ɗinsa, tsarin Linux da laftof ɗin ke aiki da shi, kuma ba wanda ya gaya masa. Masu Mac kam ba a magana, tun sigar Catalina ta 2019 tsarin macOS ba ya tada komai na 32-bit, ko me za ka yi.

In ya tsallake wannan sai ya faɗa wani. Fayil ɗin saitin da ake cewa a liƙa a .bashrc, fayil ɗin da ake karantawa duk sanda aka buɗe tagar umarni, yana juya PATH, wato jerin foldojin da kwamfuta ke neman manhajoji a ciki, sai tsohon Python 2 na kunshin ya shiga gaba, wanda aka rufe babinsa tun 1 ga Janairu 2020, gobe ka kira Astropy, laburaren Python na ilimin taurari, tsohon Python ɗin ya ce bai san zancen ba. Ga mkiraf, umarnin da ke samar da fayil ɗin saiti na login.cl, da ba a rubuta a takardar bayanin kunshin ba, don haka ba login.cl, ga zane da ba ya fita sai a tagar xgterm, ga DS9, manhajar kallon hotuna, da sai ka buɗe shi kafin ka ba da umarnin display.

Don Allah Farfesa a janye filas ɗin nan. IRAF na 'yan sa-kai 64-bit ne, yana cikin Debian da Ubuntu, apt, umarnin girka manhaja, kawai za ka kira. Ni ban ce a yar da shi ba, malamanmu na da tsofaffin sikirif da ke aiki lafiya a kansa. Amma sababbi a fara musu da laburaren Python, Astropy da ccdproc da photutils, su ma suna karanta FITS, tsarin fayil na hotunan taurari, a ba kowa fayil ɗin conda, mai jera manhajojin da za a girka, guda ɗaya iri ɗaya. In sashe zai ware kwamfuta ɗaya a girka komai a kai, kowa ya shige ta daga laftof ɗinsa ta hanyar SSH, ai ya fi.

Takardar bayanin kuma mu da muka sha wuyar za mu rubuta, ku dai ku ba da izini.

Naku,
ɗalibin bincike a sashen