Ga masu son ganin ƙauyen Ingila: a lissafa mota, sallah da abinci tun daga masauki

Ya Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon ɗan fili a jaridarka mai albarka. Kowace shekara mutanen Zariya na zuwa Ingila karatu ko taro, wasu kuma iyaye ne masu halartar bikin yaye 'ya'yansu. Galibi daga Landan sai Birmingham, sai filin jirgi. A ganinmu duk wanda ya sami wuni ɗaya ya kamata ya leƙa karkara, domin can ne asalin ƙasar yake. Sai dai wunin kan lalace idan ba a tsara shi ba, kuma abin da ya fi lalata shi shi ne abin hawa.

Yankin da ya fi sauƙi ga baƙo shi ne Cotswolds, yamma da Oxford, inda aka gina gidaje da farar ƙasa ta dutse mai launin zuma. Jirgin ƙasa na tashi daga tashar Paddington ta Landan zuwa Moreton-in-Marsh cikin kamar awa ɗaya da rabi. Tikitin da aka saya da wuri ya fi araha, amma na jirgi guda ne tak. In ya wuce ka, kuɗin sun tafi. Daga Moreton bas mai lamba 801 na bi ta Stow-on-the-Wold zuwa Bourton-on-the-Water, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba. To a nan ake kuskure. Wurin ba Kwangilar Zariya ba ne da za ka tsaya bakin titi mota ta same ka. Bas na da jadawali, da yamma sai ya yi ƙaranci, ranar Lahadi kuma ya fi ƙaranci. Tasi ba ta yawon neman fasinja, sai an kira tun da wuri. Saboda haka a fara duba lokacin bas na ƙarshe mai komawa tasha, a rubuta a takarda, domin waya kan rasa sabis a kwari.

A Bourton kogin Windrush ne ya ratsa tsakiyar gari, bai kai gwiwa ba, da ƙananan gadoji na dutse. Akwai ƙaramin samfurin ƙauyen da aka buɗe a 1937, kowane gini kashi ɗaya cikin tara na girmansa, ga gidan tsuntsaye na Birdland da gidan tarihin tsofaffin motoci, waɗanda yara ke so. Daga ƙarfe 11 na safe motocin 'yan yawon buɗe ido sun cika wurin, don haka a iso da wuri. Idan cunkoson ya fara, a kama hanyar ƙafa zuwa Lower Slaughter, kamar kilomita biyu da rabi, inda tsohon injin niƙa mai aiki da ruwa yake a bakin rafin Eye. Mun fi fifita wannan tattaki a kan duk abin da ake biyan kuɗi a gani. Hanyar na bi ta gonakin mutane, doka ce ta ba kowa damar wucewa, da sharaɗin kada a kauce daga kanta. Ƙofar shinge a bar ta yadda aka same ta, kuma kada a kusanci saniya mai ɗan maraƙi. A sa takalmi mai rufi da dogon wando, saboda taɓo da wata ciyawa mai ƙaiƙayi.

Bibury, mai jerin gidajen Arlington Row da aka gina a 1380 don ajiye gashin tumaki kafin a mayar da su gidajen masaƙa, ya cancanci a gani, amma haɗa shi da Bourton a wuni ɗaya sai mai mota. Mutane na zaune a gidajen, kada a leƙa taga. Mai mota zai iya ƙarawa da kangon gidan Romawa na Chedworth, ko fadar Blenheim inda aka haifi Winston Churchill a 1874. Ana tuƙi a hannun hagu, wasu hanyoyin kuwa faɗin mota ɗaya ne, da wuraren rakuɓewa jefi-jefi. Wanda ya fi kusa da marakuɓa shi ke ja baya.

Sai maganar sallah. Babu masallaci a waɗannan ƙauyuka. Sai an je Oxford, Cheltenham ko Gloucester. A tafi da alwala da ƙaramar darduma. Alƙibla daga Ingila kudu maso gabas take, kusan digiri 119, saɓanin tamu da ke gabas da ɗan karkata arewa, kuma mutanenmu da yawa na fuskantar gabas bisa sabo. A Disamba rana na faɗuwa wajen ƙarfe 4, azahar da la'asar da magariba duk suna shiga cikin awa huɗu, ga duhu ya rufe hanyar gona. A Yuni sai bayan ƙarfe 9 take faɗuwa. Daga Mayu zuwa Satumba ne lokacin da ya fi dacewa, duk da haka a riƙe rigar ruwa.

Naman halal da wuya a same shi a ƙauye. A sayo guzuri daga gari, ko a ci kifi da dankali, amma a tambaya, domin wasu na kwaɓa fulawar kifin da giya, wasu na suya da kitsen dabba. Gidajen abinci da yawa na daina girki bayan ƙarfe 2 sai da yamma, kantuna na rufewa wajen 5. A riƙe katin banki, don wasu wuraren ba sa karɓar tsabar kuɗi. Kilishi, dambun nama da man shanu kuwa a bar su Zariya: dokar Birtaniya ta hana matafiyi shiga da nama ko kayan madara daga Najeriya, kuma ƙwace su ake yi a filin jirgi.

Mun gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Daga wasu malamai masu karanta jaridarka,
Samaru, Zariya.